Layin Asuba a Tashar Newark

Ƙarfe huɗu na dare, ina layi a ƙofar tasha,
tirela tamanin a gabana, kowa ya bar injinsa na gurnani.
Na yi alwala da ruwan gora a gindin taya,
sanyin Janairu ya ciji yatsuna kamar da tsohuwar gaba.

Can bakin ruwa ƙugiyoyi sun miƙa wuya,
raƙuman dawa ne da maƙeri ya ƙera,
suna tsintar kwantena ɗaya-ɗaya daga bayan jirgi.
Jirgin ya fi unguwarmu tsawo
ko da an haɗa da masallaci da filin ƙwallo.

Marisol ta kira daga ofis:
"Sallau, ja ce, ƙafa arba'in. Allentown kafin sha biyu."
Na ce to.
Shekara tara ke nan ina cewa to,
ina jan akwatunan da ban san cikinsu ba.
Takarda ta ce takalma, ta ce tayil, ta ce firji.
Ni nauyi kawai na sani,
sai a hawan gada injin ke gaya mini gaskiya.

Kakana Jatau madugu ne.
Wata uku yakan yi daga Gwanja da jakai,
ya san kowane huhun goro da tafin hannu,
ya buɗe, ya yayyafa ruwa, ya cire mai tsutsa.
Ya san mai kaya, ya san uban mai kaya.
A nan babu "albarka", babu "na sallama",
babu fatoma mai kawo fura kafin a yi maganar kuɗi.
Lamba ce ke sayar wa lamba,
ni kuwa jakin da ke tsakaninsu.

Yau sai 'yan kwastan suka ɗaga mini hannu.
Na ja gefe. Suka datse hatimi da almakashin ƙarfe,
ƙofa ta yi ƙara, ta buɗe.

Kafin ido ya gani, hanci ya riga ya isa gida.

Riɗi!
Buhu kan buhu har rufi,
an rubuta Maigatari da shuɗin tawada,
harafin ƙarshe ya zame, kamar mai rubutun ana kiransa cin tuwo.
Ɗinkin bakin buhun na hannu ne,
ƙulli biyu a kunne ɗaya,
irin wanda yayana Tanimu ke yi.
Ban ce nasa ba ne. Ban ce ba nasa ba ne.

Jami'in ya soka ƙarfe, ya duba, ya sa hannu a takarda.
Minti goma sha biyu aka ba riɗi izinin shiga.
Ni shekara shida na yi ina jiran nawa.

Gobe za a barbaɗa shi a kan burodi a Manhattan,
wata mai sauri ta kakkaɓe shi daga rigarta,
ba ta san wanda ya sunkuya ya yanke shi ba,
ya jingina dami, ya kwana yana gadin tsuntsu da ɓarawo.
Kuɗin ƙaramar kwalba a kantin nan
ya fi abin da aka ba shi a tiya.

Akwatin kuma ba zai koma wayam ba.
Za a cusa masa motar da ta yi haɗari,
da tsofaffin riguna, da talabijin mai ido ɗaya.
Kaka ya je Gwanja,
jika na lodin gwanjo.

'Yan ƙwayoyi sun zube a bakin ƙofa.
Na lashi yatsa, na ɗebe su.
Uku na tauna.
Sauran na ƙulle a rasit ɗin mai, na sa a aljihun ƙirji.

Gurdev ya danna mini oda daga baya,
ya nuna agogo ta gilashi.
Na ɗaga masa hannu, na taka kuloci, na sa giya.
A hawan gada injin ya yi nishi,
na ce masa: yi haƙuri, na gida ne.